Zomayen Lantana da Injin Shara

Wani mafarki na yi daren jiya, kuma tun safe nake neman wanda zan gaya wa ba tare da ya ce tsufa ya fara taɓa ni ba. To ku zauna ku ji. Amma sai na fara gaya muku abin da na kwanta da shi a rai, in ba haka ba za ku ce tuwo ne ya yi mini yawa.

Sunana Sallau, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa. Matata Lantana ta rasu daminar bara, ta bar mini zomaye biyu. Akwai Kwalli, mace, fara mai baƙin zobe a ido. Akwai Ciyaman, namiji, wanda ba ya aikin komai sai ci da kallon mutane. Bayan arba'in ɗana ya zo Funtuwa ya ce ba zan zauna ni kaɗai ba, ya kwaso ni zuwa gidansa na Kaduna, hawa na biyu, ko'ina kafet. Na ce ba inda za ni ba da zomayen nan ba. Ya ce to. Gidan ba tsakar gida, ba ƙasar da za su tona, sai suka zama 'yan ɗaki kamar mu.

Wanda bai taɓa zama ɗaki ɗaya da zomo ba, bai san gashi ba. Gashi a kafet, gashi a kujera, gashi har a bakin kofin shayi. Ga kashinsu ƙwaya-ƙwaya kamar an watsa wake, ga karmamin harawa duk inda ka taka. Matar ɗana, Murjanatu, cikinta wata takwas, kuma tun zuwanmu take tari. Ba ta taɓa yi a gabana ba. In na shigo falo sai ta durƙusa ta gaishe ni, ta haɗiye tarin har idonta ya yi ja, ta shige kicin ta sake shi can. Ni kuma in yi kamar ban ji ba. Suruka ce, me zan ce mata? Wata bakwai muna gida ɗaya, maganarmu ba ta wuce ina kwana da ina wuni ba.

Jiya bayan isha'i yaron nan ya same ni da wayarsa a hannu.

"Baba, likita ya ce gashin ne. Ga injinan shara nan iri-iri, masu zuƙe ƙura. Ka zaɓi ɗaya, ni zan saya, mu gwada zuwa Asabar ta sama. In tarin bai tsaya ba..." Ya sosa ƙeya. "Sai a kai su ƙauye."

Ƙauye! Wane ƙauye? Ni yaro ne? Zomon da aka kai ƙauye na san inda yake kwana, cikin tukunya ne da attaruhu. Na ce masa to, Allah ya kai mu. Na kwanta raina a ɓace, ba don ya yi ƙarya ba, sai don gaskiya ya faɗa.

Sai ga ni a wani gari da rana tsaka, rungume da Kwalli. A garin nan inuwa ce ke gaba, mutum ya bi ta duk inda ta ga dama. Tawa ta yi hagu, na bi ta. Ana ruwa, amma daga ƙasa yake tsirowa ya hau sama, don haka kowa ya tattare wando ya taka lemarsa. Wani mai shayi ya tsayar da ni ya ce in ba shi shayi. Na ce ba ni da shi. Ya ce ba komai, gobe ma rana ce, ya yi mini godiya.

Inuwata ta tsaya a ƙofar wani ofishi, an rubuta Ofishin Izinin Shara. Layi har titi. Sai dai a nan na ƙarshe ake fara gani, saboda haka kowa faɗan komawa baya yake.

"Bismillah Alhaji, wuce gaba."

"Wallahi ba zan wuce ba, kai ne babba."

Waɗannan biyun tun bara suke wurin. Ni da na zo yanzu-yanzu aka kira ni nan take, layi gaba ɗaya ya yi mini tsaki.

Ma'aikaciyar wata akuya ce da gyale da tabarau, tana tuƙa a hankali. Ba ta ɗago kai ba.

"Me ke tafe da kai?"

"Injin shara nake nema."

"Na mutum ko na dabba?"

"Na zomo."

"Zomon ne zai yi sharar?"

"A'a, shi za a yi wa."

Ta rubuta. "Sunan mai gidan?"

Na yi shiru.

"Malam, sunan mai gidan na ce."

"Ɗan fari ne," na ce. "Ba na faɗa."

Sai a lokacin ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau. "Madalla da kai. Ni ma nawa ban taɓa faɗar sunansa ba har aka sayar da shi da Sallah." Ta goge ido da bakin gyale. A gurbin suna ta rubuta Yaron Nan, ta buga hatimi da kofato, ta naɗe takardar ta cinye.

"An adana," ta ce. "Je ka kara."

Ban yi tafiya ba, karar ce ta zo ta same ni. Fili ne babba irin na kasuwar dabbobi, turke-turke ko'ina, amma babu rago ko ɗaya. Injinan shara ne a ɗaure, wasu a kwance suna numfashi, wasu na jan igiya suna neman kai wa juna karo. Dillaliyar wurin wata tsohuwar fanka ce mai tsayuwa, an yafa mata mayafi. Ta tare ni tana juya kai dama da hagu.

"Sannu Hajiya, wai injin..."

Ta juya kai.

"To, Allah ya ba da haƙuri," na ce, na juya zan tafi.

"Dawo, Malam, ba a'a nake cewa ba. Haka wuyana yake tun daga kamfani. Zomo gare ka? To saurara. A nan ba a duba haƙori, maƙogwaro ake dubawa. Mai zomo in ya sayi inji mai siririn maƙogwaro, harawa za ta shaƙe masa shi tun ranar farko."

Ta fara nuna mini wani mai faɗi kamar faifai, wanda ke yawo da kansa ba mai jansa. In ya bugi bango sai ya ce gafara dai, ya juya. Kwalli ta zille daga hannuna ta haye bayansa, ya yi ta zagaye kasuwa da ita tana zaune abinta kamar wadda ta hau acaɓa. Har na fara murna. Can ya ci karo da karan harawa guda ɗaya tak, ya haɗiya, ya shaƙe, ya hau kakari. Sai da ƙarti uku suka taru suna bubbuga masa baya.

"Wannan na masu kyanwa ne," in ji fanka.

Na gaba dogo ne siriri, ba shi da igiyar wuta ko kaɗan. Fanka ta ce amfaninsa kenan, zomo ba zai sami abin gwaguya ba. Tana cikin faɗar haka na waiwaya, ashe Kwalli ta riga ta kama igiyar injin da ke kusa tana zuƙa kamar taliya, injin ya langaɓe ya mutu. Mai shi ya taho da gudu. Na shirya ba da haƙuri, sai ya rungume ni ya ce dama ya gaji da ciyar da shi. Aka kunna mini dogon. Ya yi aiki kamar gaske, ya share tsawon tabarma guda, sannan ya dafe ƙirji ya sume. Aka ce sai ya yi barcin awa huɗu kafin ya share ta biyu. Na ce ni ma tsoho ne amma ban kai haka lalacewa ba.

Akwai wani kuma kamar ganga, baki wage, wannan ko tsakuwa ka ba shi haɗiyewa yake. Amma da na zagaya bayansa sai na tarar da mutane jere suna tari, hawaye shaɓe-shaɓe. Ta gaba yake zuƙar gashi, ya niƙa shi lukui, ya raba wa jama'a ta baya. Na tuna idon Murjanatu da ke yin ja, na ce a'a, Allah ya kiyaye.

A nan ne aka kira sallah. Na farka, na yi alwala, na yi asuba, na koma na kwanta. Wallahi mafarkin yana nan inda na bar shi, ba wanda ya motsa. Ko ruwan da ke hawa sama ya tsaya cak a daidai gwiwa yana jirana.

"Ka daɗe," in ji fanka. "An karɓa?"

"Allah ya sa."

Ta kai ni can ƙarshen kara, gindin wata bishiya. Wani ƙaramin inji ne toka-toka a kwance, ba hayaniya. Ta buɗe mini bakinsa, maƙogwaro mai faɗi, harawa za ta wuce ba gardama. Ta buɗe ƙirjinsa, akwai jaka da wani ƙyalle mai tace ƙura.

"Wannan ba ya ihu," ta ce. "Abin da ya ci ba ya dawo da shi. Igiyarsa doguwa ce, sai ka rataye ta sama inda haƙori ba ya kai. Aibinsa, a hankali yake aiki, kullum sai an ja shi, ba fashi. Kuma inda ka ce ya bari, zai bari."

Injin ya gaishe ni ƙasa-ƙasa, ya tambayi mutanen gida. Kwalli ta sansana shi, ta kwanta a jikinsa ta lumshe ido. Duk mai hankali a nan zai tsaya. Ni kuwa sai na ji wani ruri daga tsakiyar kasuwa, na waiwaya.

Wani jan inji ne, ya fi bijimi, mutum huɗu na riƙe da shi da sarƙa. In ya ja numfashi sai hulunan mutane su bar kawunansu.

"Wancan fa?"

"Wancan ba ya barin komai."

Ba ya barin komai. Abin da zuciyata ke son ji kenan. Zan gaya muku gaskiya, ba tausayin yarinyar kaɗai ne ya ja ni ba. Kunya ce. Wata bakwai ina jin kaina kamar tsohon da ya kwaso ƙazanta ya kawo gidan ɗansa. Ina so a wayi gari ko sili ɗaya na gashi babu, kada wani ya ƙara sosa ƙeya a gabana. Kuma ina so a gama a rana ɗaya, ba wai kullum a ga dattijo yana jan inji a falo ba.

"Shi nake so. Me za a bayar?"

"Atishawa uku."

Na yi uku masu kyau, ta huɗu ta zo da kanta aka ce gyara ce. Aka miƙo mini sarƙar. Fanka tana ta juya kai.

"Na sani Hajiya, wuyanki ne."

"A'a Malam," ta ce. "Yanzu kam a'a nake cewa."

Sai ga ni a gida. Mun sauka matakala har muka kai hawa na biyu. Yaron nan yana zaune jikin silin yana duba waya, ya ce Baba sannu da zuwa, bai sauko ba. Murjanatu ta durƙusa bakin ƙofar kicin. Na danna maɓalli.

Kai! Ni da na yi shekara talatin kusa da kan jirgi ban taɓa jin ƙara irin wannan ba. Ciyaman ya shige ƙarƙashin kujera, daga inda nake ina jin bugun zuciyarsa. Kwalli ta cusa kai a hammatata tana karkarwa. Amma aiki kam ya yi aiki. Ya zuƙe gashi, ya zuƙe kashi, harawa ta bi iska ta shige. Na ce yawwa, haka nake so! Ya zuƙe furannin da ke jikin kafet, kafet ya koma fari fat. Ya zuƙe labarai daga cikin rediyo, ya zare hannuwan agogo. Na ce to, waɗannan dama ba su dame ni ba.

Ya juya wajen Murjanatu. Tarin ya fito daga bakinta kamar dogon zare mai toka, ya yi ta fita, ya yi ta fita, har ya ƙare. Na ce alhamdu lillahi, magana ta ƙare. Amma injin bai tsaya ba. Ta buɗe baki za ta gaishe ni, sai gaisuwar ma ta bi tiyo ta tafi. Leɓe na motsi, ba sauti. Ɗan abin da ke tsakanina da ita kenan, shi ma ya tafi.

Daga nan ya waiwayo kaina. Akwai wata shuɗiyar riga da nake sanye da ita, wadda Lantana ta turara mini da turaren wuta mako guda kafin ta kwanta ciwo. Ban yarda an wanke ta ba tun lokacin. Ina kallo ƙanshin ya tashi daga jikin rigar kamar hayaƙi, ya nufi bakin injin.

"Kai! Kai! Wannan ba datti ba ne!"

Na lalubi maɓallin kashewa, ashe shi ya fara haɗiyewa. Kafin in yi wani abu Kwalli ta suɓuce daga hannuna, kunnuwa a gaba, ƙafafu a baya, zuruf. Ban yi shawara da kowa ba. Na cire hula na ajiye, na cusa kai cikin tiyon na bi ta.

Ciki shiru. Wani gari ne na abubuwan da aka taɓa sharewa. Allurai a jere, maɓallan riguna, 'yan kunne marasa 'yan'uwa suna zaune jugum. Na ga usur ɗina da ya ɓata a tashar Kafancan tun ina saurayi, ya ce Sallau kai ne ka tsufa haka? Na ce ai kai ma ka yi tsatsa. Na wuce wani lungu, na tura wata ƙofar langa-langa da hannuna ya sani, sai ga ni a tsakar gidanmu na Funtuwa, ga bishiyar lemo, ga randa.

Lantana tana zaune a kujera 'yar tsugunno tana tsinkar zogale. Ba ta yi mamaki ba, ko tashi ba ta yi ba.

"Malam, cire takalmi mana. Ka shigo mini da tsabta har tsakar gida."

Na cire. Na zauna bakin turmi ina kallonta. Tana nan yadda take, da ɗan tabon ƙunar nan a hannun hagu. Gefenta Kwalli ce, ta sunkuyar da kai tana tsigar gashin ƙirjinta da haƙori. In ta cika baki sai ta ruga wani lungu mai duhu ta ajiye, ta dawo ta ƙara. Nan raina ya tashi.

"Kin gani ko? Kin ga abin da take yi? Da gangan! Ni ina can ina wahalar yadda zan cece ta daga tukunya, ita tana nan tana ƙaro gashi!"

Lantana ta ajiye zogalen ta dube ni, irin kallon nan nata.

"Malam, shekara nawa na yi ina kiwon zomo a gabanka?"

"Talatin da wani abu."

"Ka taɓa tsugunawa ka kalle su sau ɗaya?"

"Ai aiki nake zuwa."

"Aiki kake zuwa. To gashi iri biyu ne. Akwai wanda ya zube da kansa, shi ne datti. Akwai wanda uwa ta tsige daga ƙirjinta, wannan gado ne. 'Ya'yan zomo tsirara suke zuwa, ido a rufe. In ba gashin nan, sanyi zai kashe su kafin hantsi."

"Wai haihuwa za ta yi?"

"A'a, aski take koyo."

Dama ita haka take, in ta ga ka faɗi sai ta tambaye ka ko ƙasar da laushi.

"Ina gadon yake?" na tambaya.

"A gidan? Lungun da ke tsakanin kicin da sito, bayan buhun shinkafa. Kullum ta nan kake wucewa, idonka na kan silin don kada ku haɗa ido da yarinyar mutane." Ta ɗauki zogalenta. "Ita me ta ce game da zomayen?"

"Ba ta ce komai ba."

"Ka tambaye ta?"

"Haba Lantana, suruka ce fa."

"Ita ma can cewa take, haba, suruki ne fa. Ku biyu kun yi gum, kun bar yaron nan a tsakiya yana yanke hukunci shi kaɗai, shi da ko ƙwai bai iya dafawa ba."

Na so in yi dariya, sai kuka ya zo a madadinta. Ban ji kunya ba, ba kowa sai ni da ita.

"Lantana, tashi mu tafi gida. Wallahi zaman nan ba daɗi. Ba zomayen ba ne, kin sani. In aka kai su ƙauye, ba sauran wani abu mai motsi a duniya da hannunki ya shafa. Ina kewarki, ni dai na faɗa."

Ta ci gaba da tsinkarta.

"Ni an riga an kwashe ni, Malam," ta ce. "Je ka ga waɗanda ba a kwashe ba. Kuma don Allah ka ba da rigar nan a wanke, ta fara tsami."

Sai wata ƙara ta taso daga sama. Shar. Shar. Kowane shar sai wani abu ya tafi. Katanga ta tafi, randa ta tafi, bishiyar lemo ta tafi da 'ya'yanta. Lantana tana tsinkar zogale har ta tafi ita ma, kujerar ta bi ta. Ƙarar ta nufi lungun da Kwalli ke tara gashi. Na yunƙura zan tashi, ƙafafuna suka ce su ba su gama hutawa ba. Na buɗe baki zan yi ihu.

Na farka. Rana ta fito, haske ya cika taga. Amma ƙarar tana nan. Shar. Shar. Tsintsiya ce, daga wajen kicin.

Ban nemi hula ba, ban nemi riga ba. Daga ni sai singileti da zanen barci na fita da gudu, ni da gwiwar da ba ta yarda da gudu.

"Murjanatu! Tsaya!"

Tun da aka ɗaura musu aure sunan nan bai taɓa fita daga bakina ba. Ta tsaya cak, tsintsiya a hannu, ta ɗaure hanci da baki da ɗankwali. Da ta gan ni haka sai ta kawar da kai, ta fara ƙoƙarin durƙusawa da wannan cikin nata.

"Kar ki durƙusa. Bayan buhun nan, kar ki..."

"Baba, a hankali, kar ka taka."

Na dubi ƙasa. Ta share lungun tas, amma ta bar kamar taƙi biyu kewaye da buhun ba ta taɓa ba. Ta sa ɗan yatsa ta ɗaga farin gashin da ke tsibe a wurin. Su shida ne, jajaye, kowane bai wuce babban yatsana ba, suna mutsu-mutsu. Kwalli tana gefe tana cin ganyen kabeji, tana kallona kamar ni ne baƙo.

"Da asuba ta haihu," in ji Murjanatu, idonta a ƙasa. "Kwana huɗu kenan tana tsiga, ni kuma ina kewaye wurin. Kakata ma tana kiwonsu a Giwa."

Na tsuguna, gwiwata ta yi ƙara. Na daɗe ina kallonsu.

"An ce in tarin bai tsaya ba zuwa Asabar, za a kai su ƙauye."

"Wa ya ce, Baba?"

"Yaron nan."

Ta ƙara sunkuyar da kai, amma na ga kafaɗarta na rawa, dariya take dannewa.

"Tsoro yake ji, Baba, shi ya sa. Tarin kam akwai shi. Amma ni abin da na ce, a sayi inji marar ƙara kada ya firgita ta, a riƙa buɗe tagogi. In ma akwai mai tafiya ƙauye ni ce, wata mai zuwa zan je gida wanka. Ita kuwa ba ta da gidan zuwa sai nan. Ba inda za a kai mai jego."

Tana rufe baki tarin ya taso mata. Na ga ta matse leɓe, idon ya fara ja, tana neman hanyar kicin.

"Yi abinki, 'yata," na ce. "Yi a nan."

Ta yi, mai tsawo, har da dafa bango. Ni ban san ya kai haka ba, don ban taɓa jin sa sai ta bayan ƙofa. Da ta lafa na miƙa hannu na karɓi tsintsiyar. Shekarata sittin da bakwai, ban taɓa share ko bakin ƙofa ba.

"Haba Baba! Mutane su ce me?"

"Hawa na biyu muke, wa zai gani? Je ki zauna bakin taga ki sha iska. In yaron nan ya tashi ki gaya masa na zaɓa. Ƙaramin nan toka-toka, mai jaka da faɗin maƙogwaro. Ni zan riƙa jansa kullum, kuma ba zai zo lungun nan ba sai sun yi gashin kansu."

Ta tafi tana waiwaye. Na sunkuya na kama aiki da ƙarfina, ƙura na tashi, ina jin kaina wani gwani. Na yi nisa sosai kafin in ji muryarta daga bakin taga, a hankali.

"Baba."

"Na'am."

"Ka yi haƙuri. Wajen ƙofa ake turawa, ba wajen falo ba."

Na ce to, na juya.